Formula Rossa: Sakan Biyar da Ake Gardama a Kansu

Daga Dubai zuwa tsibirin Yas tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota in hanya ba cunkoso. Titin Sheikh Zayed ake bi, wanda alluna ke nunawa da E11, a wuce Jabal Ali, a shiga masarautar Abu Dabi, sannan a fara lura da allunan Yas. Ga wanda ya taso daga Dubai, tsibirin yana gabanin birnin Abu Dabi ne. Saboda haka wanda ya hau bas daga tashar Ibn Battuta zuwa babbar tashar Abu Dabi zai wuce shi ya shige cikin gari, sai ya sake biyan tasi ya dawo baya. In kun kai ku uku ko huɗu, irin yadda 'yan kasuwarmu ke sauka tare a Deira, ku haɗa kuɗi ku ɗauki mota kai tsaye.

Tun daga nesa ake hango jan rufin Ferrari World, wani katafaren wurin wasanni da shaƙatawa, shimfiɗe kusa da filin tseren motoci na Yas Marina. An buɗe wurin a watan Nuwamban 2010, kuma yawancinsa a rufe yake cikin sanyin na'ura, haɗe da kasuwar Yas Mall. Ni abin da ya kai ni jirgin lilo ɗaya ne, wato irin taragun wasan nan masu gudu a kan dogo mai hawa da sauka, sunansa Formula Rossa, wanda kamfanin Intamin ya ƙera. Daga tsaye cak yana kai gudun kilomita 240 a awa cikin sakan 4.9, ya hau tudu mai tsayin mita 52, ya zagaya dogo mai tsawon kusan kilomita biyu, ya dawo cikin kamar minti ɗaya da rabi. Ya yi shekaru goma sha biyar yana riƙe da kambun jirgin lilon da ya fi kowane gudu a duniya. Amma masoya wannan harka, masu bin jiragen lilo ƙasa-ƙasa suna lissafin nawa suka hau, har yau ba su daidaita a kansa ba. Wasu suna sa shi a sahun gaba. Wasu kuwa sun ce sakan biyar ɗin farko ne kawai jirgin, sauran duk rakiya ce.

Kafin a kai ga gardama akwai ƙofa. Ana auna tsayi, wanda bai kai santimita 140 ba ba ya hawa, haka ma dogon da ya haura kusan 195. Aljihu sai an zazzage shi, waya da makulli da kuɗi duk a ajiye. Hula kam kada ma ka yi tunaninta, kuma ranar ba ta babbar riga ba ce. Mai mayafi gara ta zo da ƙaramin hijabi mai kama kai, ta cusa bakinsa cikin riga, domin duk abin da ke da bakin da iska za ta kama, za ta kama shi. Daga nan a miƙa wa kowa tabarau mai igiyar roba, irin na masu dirowa daga jirgin sama da lema. Wasu baƙi suna ɗauka ado ne na wasa. Duk wanda ƙwaro ya taɓa faɗa wa a ido yana kan babur a gudun kilomita 60 ya san zafin abin; to nan gudun ya ninka huɗu, ƙarfin bugun kuma ya ninka goma sha shida, ga shi hamada ce, iskar ba ta rabuwa da yashi. Ka ja igiyar ta kama sosai tun jirgi bai motsa ba, don in ya tashi hannunka ba zai kai fuska cikin sauƙi ba.

Shawarata ita ce kafin ka shiga layi ka tsaya a barandar da ke kallon inda jirgin ke tashi, ka ga an harba wasu. A nan za ka fahimci cewa jirgin kansa ba shi da inji. Taragu huɗu ne, kowane da mutum huɗu, biyu gaba biyu baya, jimla 16. Injin yana ƙasa, a wani ɗaki can ƙarshen miƙaƙƙen layin. Famfuna ne ke tura man haidirolik cikin wasu manyan tulunan ƙarfe. A cikin kowane tulu akwai fistin da ya raba man da iskar naitirojin, man yana shiga yana matse iskar har ta cika da ƙarfi. Wannan tarawar tana ɗaukar lokaci, sakin kuma na ƙiftawar ido ne. Da an buɗe bawul, iskar da aka matse sai ta koro man da ƙarfi ya bi ta cikin jerin motocin haidirolik da ke kewaye da wata ƙatuwar ganga, gangar ta juya, ta naɗe wayoyin ƙarfe. Wayoyin suna ɗaure ne da wani ɗan keke da ke gudu a cikin kwari a tsakiyar dogon, ƙarƙashin jirgi. Biyu suna jansa gaba, ɗaya tana mayar da shi baya bayan an gama.

Jirgi zai fito daga tasha a hankali, ya tsaya. Za ka ji ya ɗan ja baya kaɗan, wannan shi ne lokacin da ƙugiyar da ke ƙarƙashinsa ke kama keken. Sai fikafikan birki da ke jere a kan layin su nutse ƙasa. In ka ga sun nutse, to ka jingina ƙeyarka da kujera, ka daina waige. Wanda ya sunkuyo ko ya juya yana yi wa na gefensa magana, wuyansa ne zai gaya masa daga baya. A ƙarshen layin keken yana sakin jirgi ya ci nasa birkin, fikafikan nan kuma su sake tasowa bayan jirgi ya wuce, don ko da ya dawo da baya su tare shi.

A kujerar gaba abin da na lura da shi shi ne harbin ba ya zuwa da duka ɗaya. Cikin kamar sakan biyu an kai kilomita 100, jiki ya ɗauka an gama, sai ka ji ana ci gaba da tura ka, ana ƙarawa. In aka raba gudun da lokacin, matsin da ke manna bayanka da kujera ya kai kusan ninki ɗaya da rabi na nauyin jikinka. Wannan ba wani abin a zo a gani ba ne a duniyar jiragen lilo. Do-Dodonpa na Jafan, kafin a rufe shi, yana kai 180 cikin ƙasa da sakan biyu, bugunsa ya ninka wannan. Abin da Formula Rossa ya fi su da shi daɗewar turin ne, da kuma iska. Daga wajen sakan na uku iskar ta daina zama iska, ta koma wani abu mai nauyi da ke danne ƙirji, kumatu su riƙa kaɗawa, wanda ya buɗe baki zai yi ihu ya ji an mayar masa da ihun ciki. Mai dirowa daga jirgin sama a kife yana faɗowa ne da gudun kusan 200 a awa. Nan an wuce haka, kuma a zaune kake, sanda ɗaya ce ta danne cinyarka, babu komai a kafaɗa.

Sai tudu. A nan ne gizo ke saƙar.

A kan hawan tudun nan mai mita 52 an jera fikafikan birki. Irin birkin maganaɗisu ne, ba ya taɓa jirgi: maganaɗisun da ke ƙarƙashin taragu suna wucewa ta gefen faifan ƙarfe, wannan wucewar ce ke haifar da jan da ke rage gudu, kuma iya gudunka iya ƙarfin jan. Za ka ji jikinka ya ɗan tafi gaba, ƙugin iskar ya sauka. Masu sukar jirgin a nan suke kafa hujjarsu. Sun ce an kashe maƙudan kuɗi an gina inji don a kai 240, lambar ta hau allo, sannan nan take aka ƙwace wani kaso na gudun tun mahayi bai gama shaƙarsa ba. A ganinsu kambun na talla ne, jirgin da mutum ke hawa bayan tudun wani ne daban, mai gudu dai, amma ba wanda aka yi masa alkawari ba.

Zargin yana da kama da gaskiya, amma lissafi bai goyi bayansa duka ba. Kilomita 240 a awa kusan mita 67 ne a kowane sakan. In aka ajiye jan iska a gefe, wannan gudun ya isa ya cilla jirgin sama mita 220 da 'yan kai. Tudun mita 52 bai ci ko kwatan wannan ƙarfin ba. Ba don birki ba, jirgin zai iso ƙololuwar tudun yana kan gudun kusan 210. A irin wannan gudun, don kawai mahayi ya ji ba shi da nauyi ba tare da an fizge shi sama ba, sai ƙololuwar ta zama ɓangaren da'irar da faɗinta ya kai mita 700. Duk abin da ya fi haka tsukewa, jirgin zai bi dogo ya yi ƙasa, jikin mutum kuma ya nemi ci gaba da tafiya sama, sandar cinya ce kawai tsakaninsa da sararin Allah, jini kuma ya taru a ka. Zaɓi biyu ne ke gaban injiniyoyi: ko su gina doguwar hasumiya ta shanye gudun, ko su sa birki. Kingda Ka na jihar New Jersey a Amurka hanyar farko ya bi. Gudun 206, hasumiya mai mita 139, a hau a sauko, cikin ƙasa da rabin minti an gama. A Yas an so gudun ya zauna a ƙasa, kamar motar tsere, don haka aka biya da birki.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko ƙarfi a wurina. An ce an zana dogon ne da kwaikwayon filin tseren Monza na Italiya. To Monza ba miƙaƙƙun layuka ne kaɗai ba, akwai tsukakkun kwanoni inda direba ke taka birki da dukan ƙarfinsa, ya karya dama ya karya hagu cikin sakan. Babu ko ɗaya irin wannan a Formula Rossa. Bayan tudun, manyan kwanoni ne masu faɗi, a kwanta dama, a miƙe, a kwanta hagu, sai 'yan tuddai kafin birkin ƙarshe. Ba ya juya mutum ƙasa a sama ko sau ɗaya. Dalilin dai shi ne gudun. Matsin kwana yana ƙaruwa ne ninki huɗu duk lokacin da gudu ya ninka biyu. Kwanar da za ta danna mutum da ninki huɗu na nauyinsa a gudun 120 faɗin da'irarta bai kai mita 60 ba, amma a gudun 200 sai ta kai mita 160. Jirgi mai irin wannan gudu ba shi da damar yin wasa. Duk da haka a wuraren da ya fi matsa mutum ana kai kusan ninki 4.8, wanda ya isa ya sa gefen ganin wasu ya dusashe na ɗan lokaci. Maganinsa a ɗaure tsokar cinya da ta ciki, a ci gaba da numfashi, kuma kada a hau da ƙishirwa ko bayan an cika ciki.

Masu kare jirgin ba sa musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da suke cewa shi ne masu sukar suna auna shi da ma'aunin da ba nasa ba. Gudu a sama ba a jinsa, don babu abin da ido zai gwada shi da shi. Gudu a ƙasa kuwa, inda yashi da shinge da ginshiƙai ke wucewa dab da kai, shi ne gudun da jiki ke yarda da shi, kuma babu wani jirgin da ke ba ka shi har na tsawon minti guda kamar wannan. Da na saurari ɓangarorin biyu sai na lura sau da yawa ba kujera ɗaya suke magana a kai ba. A gaba iskar duka taka ce, dogo yana shigowa ƙarƙashinka ba abin da ya tare maka gani. A tsakiya da baya kawunan mutane da taragun gaba sun kare rabin iskar, abin da ya rage maka matsin kwanoni ne da kakkarwa. Kakkarwar nan tsofaffin mahaya sun daɗe suna maganarta. Kowace ƙafar tarago tana da tayoyi kashi uku, na sama masu ɗaukar nauyi, na gefe masu hana zamewa, na ƙasa masu hana tashi daga dogo, dukansu an lulluɓe su da roba mai tauri. Suna juyawa sau dubbai a minti, cikin zafin da ke wuce digiri 40 a bazara, ga yashi. Robar tana cinyewa, wani gefe ya fi wani, kuma ɗan rashin daidaiton da ba za a ji ba a gudun 80, a gudun 200 sai ya zama girgiza. Shi ya sa mutum biyu za su hau a watanni daban-daban, ɗaya ya ce sumul, ɗaya ya ce kansa ya yi ciwo, kuma duk gaskiya suka faɗa. Kujerun gaba biyu ne kacal cikin 16, jiransu ya fi tsawo, amma wanda ya zo daga nesa bai hau gaba ba, to bai hau jirgin da ake yabo ba.

Abin da ya ƙara dagula wa Formula Rossa lissafi maƙwabcinsa ne. A 2016 aka buɗe Flying Aces a wannan wurin, shi ma na Intamin. An gina labarinsa a kan Francesco Baracca, matuƙin jirgin yaƙin Italiya a yaƙin duniya na farko, wanda dokin da ke jikin jirginsa ne ya zama tambarin Ferrari. Gudunsa rabin na Formula Rossa ne, 120. Waya ce ke jan sa sama mita 63 a kan gangare mai digiri 51, da saurin da ba ya ba ka damar yin shiri, sannan ya sako ka cikin wani zobe mai tsayin mita 52, daidai tsayin tudun Formula Rossa gaba ɗaya. Zoben yana murɗa dogon a sama yadda ba za ka kife ba. Mutum huɗu ne a jere, na gefe biyun ƙafafunsu na reto a waje da dogo. Da yake gudunsa bai kai wancan ba, yana da damar da wancan ba shi da ita: ya ɗaga ka daga kujera, ya murɗa, ya sauya hanya ba zato, daga farko har ƙarshe. Da yawa daga cikin masu bin jirage ƙasa-ƙasa suna zuwa Yas don Formula Rossa, su koma gida suna zancen Flying Aces. In tambayar ita ce wanne ya fi tsari tun daga tashi har sauka, ni ma nan na faɗi, kujerar gefe, layin baya. Amma irin Flying Aces akwai 'yan uwansa a Turai da Amurka. Sakan biyar ɗin can kuwa ba su da na biyu.

Raunin da ya fi damun masoyansa ma ba a kan dogo yake ba, yana cikin ɗakin inji. Harbi da haidirolik abu ne mai sassa da yawa masu motsi, kuma kowane yana shan wahala: famfo, bawul, robobin da ke hana yoyon mai, ganga, sai uwa uba waya. Wayar tana gogar kwarinta da gudun da ya wuce na mota, har ruwa ake fesa mata don rage zafi, kuma dole a riƙa duba ta ana sauya ta tun ba ta nuna gajiya ba. Na'urorin lura suna ko'ina, ɗaya ta ga abin da bai yi mata ba, kwamfuta ta hana harbi. Tarihin irin wannan inji a wasu wurare ya nuna dalilin tsaurin. A 2004 wayar Top Thrill Dragster a wurin wasanni na Cedar Point a jihar Ohio ta zare, ɓurɓushin ƙarfe ya raunata mahaya huɗu. A 2009 wayar Xcelerator a Kalifoniya, wanda shi ne na farko a wannan zuriya tun 2002, ta tsinke ana tsakiyar harbi ta ji wa wani yaro ciwo a ƙafa. Yau zuriyar tana ƙarewa. An sauya wa Top Thrill Dragster inji zuwa na maganaɗisu, ya dawo a 2024 da sunan Top Thrill 2. An rufe Kingda Ka a Nuwamban 2024, aka rushe hasumiyarsa a Fabrairun 2025. Formula Rossa kansa ya shafe mafi yawan 2024 a rufe ana aiki a kansa. Sabbin jirage yanzu da maganaɗisu ake harba su, ba waya, ba gogayya, gyara ya yi sauƙi. Sai dai masoya sun ce turin maganaɗisu santsi gare shi, ba shi da fizgar nan ta waya, kuma wannan ya sa har wasu masu sukar Formula Rossa suka koma lallaɓa shi, don kaɗan ne irinsa suka rage.

Kambun ma ya tafi. A ƙarshen 2025 Saudiyya ta buɗe wurin wasanni na Six Flags a Ƙiddiyya, kusa da Riyad, da Falcons Flight mai gudun 250 da dogon da ya haura kilomita huɗu. Shi ma Intamin ne ya ƙera shi. Yana samun gudunsa ne ta gangarowa daga bakin dutse haɗe da turin maganaɗisu, kuma an sa wa taragunsa gilashin kare iska. Wannan ya buɗe sabuwar gardama, domin mutanen Formula Rossa sun ce kilomita goma da aka fi su ba ta kai iskar da aka tare ba. A nawa ganin rasa kambun ya yi wa jirgin Yas amfani. Da ana hawansa ne don lamba, mutum ya sauko yana tambayar ina sauran. Yanzu sai a hau shi don abin da ya iya, tashi daga tsaye zuwa 240 da fuska a buɗe, kuma wannan ya iya shi sarai. Rabinsa na biyu matsakaici ne, ba na jayayya da masu faɗar haka.

Wanda zai je, ya duba shafin wurin kafin ya sayi tikiti, don ana sanar da jiragen da ke rufe saboda gyara. Daga Nuwamba zuwa Maris ne yanayi ke da daɗi, amma a kauce wa makon tseren Formula 1 na ƙarshen shekara, lokacin otal-otal na tsibirin suna tsada. Hutun mako a Daular Larabawa Asabar da Lahadi ne tun 2022, don haka Litinin zuwa Alhamis layi ya fi sauƙi. Akwai wurin salla a ciki, ba sai an fita ba. Tashar jirgin tana cikin gini amma dogon a waje yake, iska mai ƙarfi ko ruwan sama suna iya sa a dakatar da shi, ga kuma injin da ke iya tsayawa a kowane lokaci. Saboda haka da an buɗe ƙofa ka nufe shi kai tsaye, ka nemi gaba, sannan ka wuce Flying Aces. Turbo Track da Mission Ferrari da kantunan jajayen riguna za su iya jira har bayan azahar.